Kogin Haɗeja da Rijiyoyin da ke Sha Daga Gare Shi



An umurce ni in yi magana a kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ba na iya raba shi da ruwan kogi, domin su biyun ruwa ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna tonon yashi a busasshen rafi da bazara, suna ɗibar ruwa garai-garai, ya riga ya ga hujjata.

Mu ɗauki kogin Haɗeja. A ƙasar Kano, inda ya faro, bisa dutse yake gudana, ruwan da ke nitsewa kaɗan ne. Amma da ya wuce Wudil sai ya shiga ƙasa mai yashi da laka, ya soma zubar da ruwansa cikin ƙasa. A da, idan damina ta yi nisa, shi da kogin Jama'are sukan malale fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ruwa ya kwanta wata da watanni yana tsatsafowa ƙasa sannu a hankali. Wannan ambaliya ita ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa, ko da masu su ba su sani ba. Abin da ya rage shi ke bin kogin Yobe ta Gashuwa har Tafkin Chadi.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Ba na musun amfaninsu: birnin Kano na sha, manoman Kadawa na noman rani. Amma madatsa tana tare ambaliya ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ga kuma farin 1973 da na 1984. Faɗin fadamar da ruwa ke kwanciya ya ragu ƙwarai, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, ciyawar kachalla kuma, wadda ke son ruwan da ba ya yankewa, ta toshe hanyoyin kogi ta karkatar da shi.

To, ana cikin haka sai muka ƙara wani nauyi. Jigo ya ba injin ban-ruwa wuri, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990, a birane kuwa kowane mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa. Jigo gwargwadon ƙarfin mutum yake ɗiba. Inji kuwa sai mai ya ƙare. Idan an zuƙe ruwan gefen kogi fiye da yadda yake cikowa, kogin ne ke biyan bashin, na ƙasa da mu kuma su ga ya ƙafe da wuri. A Borno an ga irin wannan: rijiyoyin da aka haƙa wajen 1960, masu tumbatsa da kansu, an bar su suna kwarara dare da rana har ƙarfin da yawa ya mutu.

A ganina, abin da ya fi gaggawa shi ne awo. Dokar ruwa ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko a kan ruwan da jihohi suka yi tarayya a kansa, na sama da na ƙasa, amma ba a iya rabon abin da ba a auna ba. Ɗalibin da zai tafi hutu Kafin Hausa ko Jakusko, igiya da littafi sun ishe shi ya rubuta zurfin rijiyar unguwarsu kowane mako. Da irin wannan lissafi za a iya zuwa gaban masu kula da Tiga a nemi su riƙa sakin ruwa mai yawa a watan Agusta, lokacin da Jama'are ke cika, domin fadama ta sake kwanciya.