Ajiyar Wanda Muke Karewa da Na'ura Mai Ƙirƙirarriyar Basira

Shugaban taro, masu girma alƙalai, manyanmu a aikin lauya, da 'yan'uwa ma'aikatan shari'a na Dutse da kewaye, na gode da gayyata. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, saboda haka zan kama zancen nan take.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, da wuya lauyoyi su zauna kan mas'alar ƙirƙirarriyar basira ba a kawo labarin 'yan'uwanmu na Amurka ba, waɗanda kotu ta ci tarar dala 5,000 a shekarar 2023 domin sun kafa hujja da shari'o'in da na'ura ta ƙago musu, sai a yi dariya, a yi nasiha cewa kowa ya riƙa duba abin da aka ba shi, a watse. Wannan aibi mai tona asirin kansa ne, domin abokin karawarka zai bincika, alƙali kuma zai kama. Abin da ya fi damuna shi ne abin da lauya yake zuba wa na'urar kafin ta ba shi amsa, wanda babu abokin karawa ko alƙalin da zai taɓa gani.

Ku dubi abin da ke cikin fayilolinmu a wannan yanki: rabon gadon wani gida a Birnin Kudu wanda aka yi jayayya kan nasabar ɗaya daga cikin magada, rikicin gona a Kiyawa, ƙarar hul'i da mace ta faɗi abin da ko mahaifiyarta ba ta taɓa gaya wa ba, takardar likita ta baiwar Allah da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Jahun tana neman haƙƙin ciyarwa. Kotunan shari'ar Musulunci da Hausa suke rubuta bayanan zamansu, in kuma ƙara ta hau sama sai an mayar da su Turanci. To, lauya matashi da aiki ya yi wa yawa, ko akawunsa, ko ma yaron shagon buga takardu na bakin kotu, sai ya ɗauki hoton shafukan da waya, ya aika wa na'ura ta fassara, cikin minti guda sunaye da cututtuka da asirin gida sun ƙetare teku.

Waɗansu abokan aikina suna cewa mu jira Abuja ta yi doka ta musamman kan ƙirƙirarriyar basira tukuna. Ban ga abin da ake jira ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya haramta wa lauya bayyana abin da aka gaya masa saboda aikinsa sai da yardar mai shi. Ƙa'ida ta 19 ta ladubban aikinmu, wadda ta shafi riƙe sirrin wanda muke karewa, kowa ya haddace ta. Sannan ga Dokar Kare Bayanan Jama'a ta watan Yunin 2023, wadda ta sanya lafiya da addini cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutum waje, ta wajabta sanar da hukumar da ta kafa cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Na san akwai rangwame a cikinta ga abin da ya zama lalura wajen kafa ƙara ko kare ta, amma rangwamen a kan lalura ya rataya, gudun wahalar fassara kuwa babu malamin da ya taɓa kiran sa lalura.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ta girmi duk waɗannan dokoki, tana cikin babin wadi'a, wato ajiya, na littattafan Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da su. Hukuncin sananne ne: wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta salwanta ba da sakacinsa ba babu lamuni a kansa, amma idan ya ɗauke ta ya kai wa wani mutum dabam ya ajiye, ba da izinin mai ita ba kuma ba da uzuri irin na tafiya ko tsoron rashin tsaron gidansa ba, to ya fita daga hukuncin amintacce ya zama mai lamuni, ko da wanda ya kai wa ɗin mutumin kirki ne. Dalilin malamai shi ne mai kaya da amanarka ya yarda, bai yarda da amanar wanda bai sani ba. Haka kuma a babin wakala, asali shi ne wakili ba ya wakilta wani a madadinsa sai da yardar wanda ya wakilta shi, in ban da wurare ƙididdigaggu.

To, mu lauyoyi wakilai ne, abin da aka faɗa mana a ofis kuwa ajiya ce wadda ta fi kuɗi nauyi, domin kuɗi in sun ɓace ana biya, asiri in ya fita babu abin da ke mayar da shi. Manomin da ya taso daga Miga ko Gwaram ya zauna gabanka ya kwance maka cikinsa, fuskarka ya gani, gidanku ya sani, ya san inda zai kai ƙararka in ka ci amanarsa. Bai san wani kamfani a Amurka ba, bai karanta sharuɗɗansa ba, kai ma da wuya ka karanta. Cikin sharuɗɗan nan akwai cewa abin da mai amfani na gama-gari ya rubuta ana iya horar da na'urar da shi, sai fa in ya shiga da kansa ya kashe wannan zaɓi. Ko babu cutar da ta biyo baya, miƙa ajiyar ma ita kaɗai ta'addi ce a mizanin fiƙihu, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa tunda ba a ji wanda ya cutu ba, babu laifi.

Ana kawo uzuri biyu, kuma ba za su ci mana lokaci ba. Na farko, wai ana goge hirar bayan an gama. A watan Mayun 2025 wata kotun tarayya a Amurka ta umarci kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya adana hirarrakin jama'a har da waɗanda suka goge, saboda wata shari'a da ba ruwanmu da ita. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Na biyu, wai ana cire suna. A ƙauyen da kowa ya san kowa, in ka ce bazawara mai 'ya'ya huɗu da ke rigima da ƙanin mijinta kan fadama, ka riga ka faɗi sunanta.

Ban zo in haramta wa kowa na'ura ba; a yi bincike da ita kan hukunce-hukuncen da aka riga aka wallafa, a gyara lafazi da ita. Abin da na daɗe ina nema uku ne. Na ɗaya, Babban Jojin Jiha da Girandi Kadi su fitar da umarnin aiki da zai hana sanya bayanan zaman kotu da takardun shaida cikin na'urorin gama-gari, ya kuma haɗa da rajistara da masu fassara. Na biyu, a ɗauki ƙwararrun masu fassara aiki a biya su yadda ya kamata, domin rashinsu ne ke tura yaranmu ga waya, kuma wannan ya fi raba kwamfutoci da tarurrukan bita amfani nesa ba kusa ba. Na uku, reshen ƙungiyar lauyoyi na Dutse ya tsara takardar neman izini da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mutum ita a bayyana masa inda bayanansa za su, in ya ƙi a girmama ƙinsa, wanda ya saɓa kuma a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa kamar wanda ya ci kuɗin wanda yake karewa. Babu ko ɗaya cikin ukun da ke buƙatar sa hannun Abuja, kuma masu ikon zartar da su suna zaune cikin wannan ɗaki.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.