Mantuwar Dattawanmu da Ɗan Mutum-mutumin Yara

 

Bara na kai ziyara gidan malamin da ya koya mana lissafi a aji uku. Ya gane ni, ya tambayi iyalina, amma kafin in tashi ya maimaita tambayar har sau uku. Iyalinsa suka ce tsufa ne kawai. Likitoci kuwa suna da suna ga wannan hali: ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa. Mai shi yana iya sallarsa da cefanensa, sai dai mantuwarsa ta wuce ta tsaransa. Wasu kan tsaya a nan, wasu kuma ta kai su ga cutar da Alois Alzheimer ya bayyana a 1906.

A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Aristotle da ke Tasalonika, ƙasar Girka, sun gwada sa irin waɗannan dattawa su tsara wa ƙaramin mutum-mutumi umarnin tafiya. Akwai irinsa da ake sayar wa makarantun firamare, mai suna Bee-Bot. Kowane taku nasa santimita 15 ne. Kafin ya motsa, sai ka ƙirga takun, ka tuna inda zai juya, ka danna maɓallan a jere. In ya ɓace hanya, ka koma ka nemo kuskurenka. Tsarawa, tunawa da gyarawa, su ne abubuwan da wannan rauni ke fara taɓawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Dattijon da ke buga dara a gindin darbejiya ai lissafin taku yake yi.

Shawarata biyu ce. Na farko, duk mai dattijon da mantuwarsa ta ƙaru, ya kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, domin wasan ba ya maye gurbin likita. Na biyu, ƙungiyarmu ta sayi 'yan ƙwayoyi ta ajiye a makaranta, ɗalibai su riƙa zama da malamanmu da suka yi ritaya duk ranar Asabar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da suka gina mana ƙwaƙwalwa sun cancanci mu taya su tsare tasu.

Allah Ya saka musu da alheri, Ya sa mu gama lafiya.