Gubar Dalma: Ki Faɗa wa Likita Sana'ar Maigida



A shekarar 2010, yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a maƙwabciyarmu Zamfara. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne, ana ta magani ba sauƙi. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da maza ke kawowa gida, a daka, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja.

To 'yar'uwa, in maigida yana zuwa haƙar zinariya, sai kika ga yaro na amai, ciwon ciki, ya yi laushi ko yana jijjiga, kada a ce iska ce a zauna gida. A kai shi asibiti, in na kusa ya gagara a wuce Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Kuma don Allah ki buɗe baki ki faɗa wa likita sana'ar maigida, kunya ba ta da wuri a nan. Ki roƙi a auna jininsa don dalma, domin awon maleriya ba ya nuna ta.

Akwai maganin da ke fitar da gubar ta fitsari. Amma a Zamfara sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje tukuna likitocin MSF suka ba da shi, don in yaro ya koma cikin ƙurar nan, an yi aikin baban giwa. Shi ma kwallin dutse, wani na ɗauke da dalma, a daina sa wa jarirai.