ƘULULUN YATSAN ƘAFA: A BAR SHI KO A CIRE SHI DA SAIWARSA



Mu malaman lakwal ne, aikin likita ba namu ba ne. Amma tun da jama'a ta ɗora mana karanta takardu mu faɗa mata abin da ke ciki, yau mun ɗauko maganar wani ƙaramin abu da ke iya hana magidanci noman shekara guda: ƙululun nan da ke fitowa bisa yatsan ƙafa, wanda likitoci ke ce ma "kist" da Faransanci.

Mene ne shi?

Kowace gaɓa ta jikinmu tana da ɗan ruwa mai yauƙi a cikinta, wanda ke sa ƙashi ya motsa bisa ƙashi ba tare da gurzuwa ba, kamar yadda ake sa ma amalanke mai. Jijiyoyin da ke jan yatsu su ma cikin irin wannan ruwa suke kwance. To, wani lokaci ruwan yakan sami ƙofa ya fito, ya taru cikin wata ƴar jaka ƙarƙashin fata, ya yi kauri kamar farin ƙwai. Wannan jaka ita ce ƙululun. An fi ganinsa a bayan wuyan hannu, amma yana fitowa a ƙafa. Ga tsofaffi yakan zauna kusa da farce, inda gaɓar ƙarshe ta gaji, har ya danne tushen farcen ya fito da kwari a tsakiya.

Ba sankara ba ce. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma jifa ba ne. Yakan ƙaru, ya ragu, da yawa ma sukan ɓace da kansu. In an haska shi da cocila cikin duhu, haske yana ratsa shi, domin ruwa ne a ciki.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: jakar nan tana da saiwa, wata ƴar siririyar hanya da ta haɗa ta da cikin gaɓa. Manomi ya san sabara. In ka sare ta wajen sassabe ka bar saiwa, da ruwan farko za ta toho. Haka ƙululun nan yake.

Me ya sa ba a yi masa sakiya?

Muna girmama wanzamanmu, sun gaji sana'a mai amfani. Amma maruru daban, wannan daban. Maruru mugunya ce a cikinsa, in ta fita an huta. Wannan kuwa, in aka huda shi da aska ko ƙaya ko allura, ruwan zai fita, ƙafa ta yi kyau kwana kaɗan, sannan jakar ta sake cika. Mafi muni, hudar ta buɗe ma ƙazanta ƙofa har cikin gaɓa. Yatsan da yake taka turɓaya da kashin dabbobi, in cuta ta shiga gaɓarsa tana iya cin ƙashi, har a kai ga yanke yatsan. Ga kuma tetanos, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki. Mai ciwon sukari shi ya fi kowa shiga haɗari, don rauninsa ba ya saurin warkewa. A ƙasar Turawa ma, a da can, sukan buga wa ƙululun babban littafi don ya fashe. Likitocinsu sun hana, domin ana karya ƙashi kuma abin ya dawo.

Saboda haka in bai yi maka zafi, bai hana ka sa takalmi, ka bar shi, ka sa takalmi mai faɗi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yaushe ake zuwa asibiti?

In yana ciwo, ko yana hana tafiya. In yatsa ya fara mutuwa ko yana yi kamar ana tsira allura, alamar ya danne jijiya. In fatar kansa ta yi laushi tana tsiyaya. In ya yi ja, ya yi zafi, jiki ya ɗau masassara, wannan kam ba a kwana da shi.

Akwai wani dalili kuma. Ba kowane kumburin ƙafa ba ne ƙululun ruwa. Kurkunu dai mun rabu da shi: a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar. Amma a ƙasashenmu na Sahel akwai wani ciwo da likitoci ke kira "misetom", mai shiga ta sukar ƙaya. Yana farawa da ɗan ƙululu mai tauri marar zafi, daga baya ya yi ƙofofi yana fid da ƴan ƙwayoyi kamar tsaba, a hankali ya ci ƙafa. Likita kaɗai ke iya rarrabe su, wani lokaci sai da hoto.

Yaya ake aikin?

A fara da disfansar mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa inda ake fiɗa, kamar manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ko asibitin Galmi.

Wani lokaci likita yakan fara zuƙe ruwan da allura mai tsabta. Wannan yana da sauƙi, amma sau da yawa ƙululun ya kan dawo, tun da saiwa tana nan. Fiɗa ita ce ke bin saiwa. Galibi ba a sa mutum barci: ana yin allura a gindin yatsa ya mutu, a ɗaure shi don tsai da jini, a tsaga fata kaɗan, a ɓanɓare jakar a bi hanyarta har gaɓa, a yanke ta can. In akwai ɗan tsinin ƙashi da ke haddasa abin, a kankare shi. Sai a ɗinke. Mafi yawa mutum gida yake kwana ran nan.

Mu faɗi gaskiya: ko bayan fiɗa wasu yakan dawo musu, sai dai bai kai yawan na zuƙa ba. Ana iya samun tabo, ko yatsa ya ɗan yi tauri.

Bayan aiki

Rabin warkewa yana hannun mai ciwo. A ɗaga ƙafa bisa matashi kwanakin farko. Kada ɗaurin ya jiƙe. A tambayi malamai yadda ake alwala da rauni, addini ya yi sauƙi a nan. Kada a kwance a zuba toka, ko gari, ko man mota. A koma wankin ciwo ranar da aka ce, a sha magani yadda aka rubuta. Zaren ɗinki ana cire shi bayan kamar kwana 10 zuwa 14, kuma takalmi rufaffe sai an ƙara haƙuri.

Ƴan ci-rani, a nan lissafi ya shafe ku. Mai dako, da mai gadi, da mai tura ruwa, ƙafarsa ce jarinsa. Kada a jira sai hadari ya taso a ce za a yi aiki, sannan a shiga gona da ɗanyen rauni. Lokacin da ya dace shi ne bayan an kai amfani rumbu, ko da rani a can birni inda asibiti ke kusa. A tambayi kuɗin aikin tun da wuri, a tanada, a kuma ware na abincin mako biyu ko uku da ba za a fita nema ba. Dattawa kuma, in tsoho ya ce abin kunya ne a kai yatsa guda gaban likita, ku ne zai ji maganarku.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Wassalam.