Ƙawancen Sahel da kwanon awonmu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Dambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa.

Bidiyon Kyaftin Ibrahim Traore ya cika mana wayoyi. Wasunku har turo mini suke, suna cewa: Hajiya, mu ma yaushe? To ku ba ni aron kunnuwanku.

Ranar 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen AES. A Yulin 2024 suka zauna a Yamai suka mai da shi tarayya, a Janairun 2025 suka fice daga ECOWAS. Sun sallami sojojin Faransa, sun fito da fasfo na bai-ɗaya. Mu 'yan ƙasar Malam Aminu Kano, maganar 'yancin talaka ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, dole ta burge mu. An ma taɓa gwada irin wannan: Nkrumah na Gana da Seku Ture na Gini sun haɗa kai a 1958, Mali ta bi su, zuwa 1963 abin ya watse.

Amma ku tuna abin da muka gani da idonmu. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyaka har Maris 2024. Titin Daura da ya bi ta Dambatta zuwa Damagaram ya yi tsit. Mai zuwa biki gun dangi ta fasa, mai sarin dabino da kanwa ta zauna. Wannan ɓangarenmu ne ya yi, ban ɓoye ba. Su ma a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da wake zuwa ko'ina sai Mali da Burkina. Wato a wannan haɗin kan, mu maƙwabta na jini muna waje.

Kuma duka ukun babu wanda ƙuri'a ta ɗora. Mai ƙosai a Maraɗi wa za ta tsare ta tambaya? Ke kuwa kina da kati.

Don haka duk ɗan takarar da ya shigo zaure neman ƙuri'armu, kada mu tsaya kan atamfa da sabulu. A tambaye shi: in aka sake rufe iyaka, me za ka faɗa a majalisa? Shugabannin mazaɓu, ku rubuta amsarsa da sunan ƙauyen da ya faɗe ta, ku turo mini kafin taronmu na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. A tura wa sauran mata.