Mudun Awon Bincike da Fadamar Haɗeja



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana a kan wata mujallar kimiyya, da irin binciken da take bugawa, da kuma mudun da ake auna darajarta da shi. Daga nan za ta ɗauki wannan mudu ta kai shi fadamar Haɗeja, domin a ga abin da yake iya aunawa a can da abin da ya fi ƙarfinsa. Dalili kuwa shi ne, mudun ya riga ya shiga sha'anin ƙarin girman malaman jami'a da rabon kuɗin bincike, kuma duk abin da ake saka wa malami a kansa, shi ne abin da zai ɗora ɗalibansa a kai. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mujallar da Fagenta

Bayofiziks shi ne ilmin da ke nazarin halitta mai rai da ma'aunan fiziks, watau nauyi, da matsi, da zafi, da lantarki, da saurin gudu. Mai wannan ilmi idan ya dubi jijiya, abin da zai tambaya shi ne yadda lantarki ke tafiya cikinta. Idan kuwa tsiro ne, zai tambayi yadda ruwa da iska ke hawa da sauka a jikinsa. A 1958 masanan wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu a Amurka, a 1960 kuma suka fara buga mujallarsu mai suna Biophysical Journal. Tun daga lokacin, ƙarfin mujallar ya karkata ne ga abubuwan da ido ba ya gani: siffar furotin da yadda yake naɗewa, tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta da ƙofofin da ke jikinsa, da yadda tsoka ke tsukewa ta saki.

Biyu daga cikin maƙalunta sun isa misali. A 1961 Richard FitzHugh ya buga lissafin da ya sauƙaƙa bayanin yadda saƙo ke tashi a jijiya. A 1977 Howard Berg da Edward Purcell suka nuna iyakar abin da ƙwayar bakteriya za ta iya ganewa game da yawan abinci a ruwan da take iyo. Har gobe ana ambaton waɗannan ayyuka biyu.

Kada a ɗauka irin wannan ilmi bai shafi ƙasar Hausa ba. Ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, lamari ne na bayofiziks tsantsa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa illar tana cikin himogulobin, watau furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton suka nuna cewa idan wannan furotin ya saki oksijin, akwai ɗan jinkiri kafin ya dunƙule ya zama zare-zare ya lanƙwasa ƙwayar jini. Idan ƙwayar ta fice daga siraran hanyoyin jini kafin wa'adin ya cika, ta tsira. In kuwa ba haka ba, sai ta toshe hanya, ciwo ya tashi. Wannan ne ya bayyana amfanin maganin haidroksiyuriya, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, domin yana ƙara tsawon jinkirin. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara. Ashe ke nan aikin da aka yi a ɗakin gwaji mai nisa yana iya isowa har gadon asibiti a Haɗeja, sai dai yakan ɗauki shekaru ashirin ko fiye a hanya.

Yadda Ake Awon

Duk mai rubuta maƙalar kimiyya yakan jera ayyukan da ya dogara da su a ƙarshenta. Wannan shi ne ambato. A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato a kundi guda. Kamfaninsa da ke Filadelfiya ya fitar da kundin a 1964, sa'an nan a 1975 ya fara buga rahoton shekara-shekara mai ba kowace mujalla lamba, wadda za a iya kira awon tasiri.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka wata mujalla ta buga maƙalu 200 a 2022 da 2023, sa'an nan a cikin 2024 aka ambaci waɗannan maƙalu sau 600. Sai a raba 600 gida 200, a sami 3. Awon tasirinta ke nan na 2024. Na Biophysical Journal ya yi ta kai-komo wajen 3 zuwa 4 tsakanin 2015 da 2023, alhali na mujallar Nature yakan haura 40 a mafi yawan waɗannan shekaru.

Wanda ya ga waɗannan lambobi zai iya zaton cewa ɗaya ta ninka ɗaya daraja sau goma. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata ya sani kafin ya yanke hukunci. Na farko, tagar awon shekara biyu ce kawai, saboda haka duk ambaton da maƙalar FitzHugh ke samu a yau ba ya ƙara wa mujallar kome a wannan lissafi. Na biyu, lambar matsakaici ce. Wani masani ɗan Norwe, Per Seglen, ya nuna a 1997 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na maƙalun mujalla su ke kwashe rabin ambatonta. Watau kamar a haɗa dukiyar attajiri guda da ta almajirai tara a raba goma, a ce kowa a zauren mai hali ne. Na uku, fannoni sun bambanta: inda masu bincike suke da yawa kuma gwaji ke ƙarewa cikin makonni, ambato yakan taru da sauri, amma mai nazarin kogi sai ya jira damina bayan damina. Na huɗu, ba a ƙirga ambato sai a cikin mujallun da kamfanin ya zaɓa, mafi yawansu kuwa na Turai da Amurka ne, masu fita da Ingilishi. Littafi da rahoton ma'aikata ba su da awon tasiri ko kaɗan.

Garfield da kansa ya sha yin gargaɗi kada a auna mutum da mudun da aka yi domin mujalla. A watan Disamba na 2012 kuma wasu editoci da masana suka hadu a San Faransisko suka tsara sanarwa mai kira ga jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike su daina dogara da wannan lamba wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

Fadamar Haɗeja

Yanzu sai a kai mudun bakin kogi. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wani reshe ya nufi Nguru ta mashigar Marma, sauran su doshi Gashuwa, inda ruwan ke gamuwa da na Kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Cadi. Tun kaka da kakanni rayuwar wannan yanki tana bin hawa da saukar ruwa: shinkafa idan ambaliya ta zo, wake da kayan lambu idan ta janye, su a tafkuna, kiwo da rani.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa. Manufar ita ce noman rani a Kadawa da kewaye da samar wa Kano ruwan sha, kuma an sami amfanin hakan. Amma mutanen ƙasa-ƙasa sun yi rashi, kuma a 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. A 1991 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka ƙiyasta amfanin noma da su da itace a fadamar, suka gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da ake ci, ribar fadamar ta ninka ta babban aikin ban-ruwa na Kano ninkin-ba-ninkin. A 1993 aka tattara binciken yankin a littafi guda, wanda G. E. Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka shirya. Waɗannan ayyuka suna daga cikin hujjojin da aka riƙe a muhawarar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, kuma sun share fagen sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Abin lura a nan shi ne, aikin 1991 takardar tattaunawa ce ta wata cibiya a Landan, na 1993 kuwa littafi ne. Babu ɗayansu da mudun Garfield ke ba lamba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka faɗaɗa lissafin suka buga shi a mujallar Ambio. Da a ce wani kwamitin ƙarin girma mai kallon lamba kaɗai ne ya duba waɗannan ayyuka na farko, da ya wuce su bai tsaya ba.

Kacalla

Akwai kuma tambayar bayofiziks da ke tsaye a fadamar kanta, watau ciyawar kacalla. Kafin madatsun, ƙasa takan bushe watanni da dama a shekara, kuma bushewar ce ke hana ciyawar yaɗuwa. Da aka fara sako ruwa daga Tiga da rani, sai wurare da yawa suka koma cikin ruwa marar zurfi shekara zagaye, wanda shi ne abin da kacalla ke so. Ta cika mashigai, ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanyoyin da ke kai ruwa gabas suka toshe, ruwa ya karkata Marma ya malale gonaki a ƙasashen Guri da Kirikasamma. Jirgin masunci ya rasa hanya, jan-baki kuma ya sami mafakar da yake tasowa ya afka wa gero da shinkafa. Toshewar mashigai tana daga cikin abubuwan da ke tsananta ambaliya irin wadda Jihar Jigawa ta gani a 2020 da 2022.

To, yaya tsiro ke rayuwa saiwarsa na cikin laka inda babu iska? A 1980 John Dacey ya nuna cewa bado yana tura iska daga sababbin ganye zuwa gindi, ta fita ta tsofaffin ganye. A 1992 Hans Brix da abokan aikinsa suka auna irin wannan matsi a cikin wasu ciyayin ruwa, har da dangin kacalla. Ganyenta cike yake da ramuka kamar bututu. Bambancin laima da zafi tsakanin cikin ganye da wajensa shi ke haifar da matsin da ke kora iska zuwa saiwa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙona ta ko sare ta a saman ruwa ba ya kashe ta, amma idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya ci gaba da rufe kututturen, aka kuma maimaita yankan, sai saiwar ta shaƙe.

Mafi yawan wannan ilmi ya fito ne a mujallun nazarin tsirrai da tafkuna, domin ƙarfin Biophysical Journal ya fi karkata ga ƙananan abubuwa. Sauran aikin kuwa na gida ne: zurfin da ya dace a yanka a laka irin ta Marma, watan da saiwa ta fi rauni, yawan maimaitawa, da tsawon lokacin da za a tsayar da sakin ruwa daga madatsun domin ƙasa ta bushe. Mai yiwuwa ne amsoshin ba za su tara ambato mai yawa a Turai ba, amma gonakin dubban magidanta sun rataya a kansu.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga ɗalibi, shawara ita ce ya karanta maƙala kanta kafin ya tambayi lambar mujallarta: me aka auna, da wane kayan aiki, sau nawa aka maimaita? Kada kuma ya fake da wannan lacca ya guje wa manyan mujallu, domin tankaɗe da rairayar da masana ke yi wa aiki kafin a buga shi tana da amfani, kuma aikin da aka yi a Haɗeja da kyau ya cancanci duniya ta gani. Ya kiyayi mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome cikin mako guda, har da lambar ƙarya a bangonsu.

Ga jami'o'in da ke maƙwabtaka da kogin, irin su Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, ya dace kwamitocinsu su riƙe mudu biyu. Ɗaya ya tambayi wanda ya ambaci aikin, ɗayan ya tambayi wanda ya yi amfani da shi: wace ma'aikata ce ta sauya tsari saboda shi, wane ƙauye ne ya gwada shi? Haka kuma su ƙarfafa mujallunsu na gida ta hanyar tsananta tacewa da fita a kan kari.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, amanar da ke hannunsa ita ce bayanai. Awon zurfin kogi na kowace rana, da lissafin ruwan da aka saki daga madatsa, da rahotannin ƙwararru, su ne jarin mai bincike. Idan suka ruɓe a kabad, to an yi asarar shekarun da ba za su dawo ba. Ya kamata a adana su, a buɗe su ga ɗalibai, a kuma nemi kowane binciken da aka biya da kuɗin jama'a ya zo da taƙaitaccen bayani cikin Hausa wanda malamin gona zai iya karanta wa manoma.

Kammalawa

Awon tasiri yana faɗin abu guda, kuma yana faɗinsa daidai gwargwado: sau nawa masana suka ambaci maƙalun wata mujalla cikin shekara biyu. Ba ya faɗin ingancin maƙala ɗaya, ba ya kuma faɗin ko mashigar Marma ta buɗe. Wanda ya san iyakarsa zai amfana da shi, ya kuma tanadi wani mudun domin sauran awon. Allah ya ba da ilmi mai amfani, ya albarkaci kogin da mutanen da ke ci daga gare shi.