Ciwon Kan Nono Ga Mai Jego: Jawabi Ga Matan Karantina

  

Maganar da na zo da ita ta masu jego ce. Mace ta haihu, kwana uku ko huɗu kan nononta ya tsage, duk lokacin da jariri ya kama sai ta cije leɓe, hawaye na zuba. Ta faɗa wa na kusa da ita, a ce mata ta daure, haka kowa ta yi. To ni a matsayina na likita ina gaya muku, ɗan zafi a kwanakin farko, na daƙiƙoƙi kaɗan da fara tsotso, wannan ana samu. Amma zafin da ya kai ƙarshen shayarwa, ko tsagewa da jini, alama ce yaron bai kama daidai ba, kuma abu ne da ake gyarawa.

Jariri ba kan nono kaɗai ya kamata ya tsotsa ba. Sai ya cika bakinsa da baƙin nan da ya kewaye kan, ta yadda kan zai wuce can ciki wajen ganda mai laushi. In tsinin kawai ya riƙe, dasashinsa ne ke murza shi, uwa na shan azaba, shi kuma bai ƙoshi ba. Saboda haka ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, hancinsa daidai kan nono. Ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki da sauri. Kada ki sunkuya ki kai masa. In ya kama da kyau za ki ga haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, kuma za ki ji yana haɗiya. In da zafi, ki zura ƙaramin yatsa mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, a sake. Kada a fizge.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin mai duba wannan kamun. A Kano ko Maraɗi mace kan tafi gidan iyayenta wankan jego, ga uwa ga kaka. Nan Karantina da yawa cikin yaranmu iyayensu na gida, wasu kuma matsalar igama ta sa suna ɗari-ɗari da asibiti. Ga kunyar ɗan fari: yarinya ta lulluɓe da mayafi ta juya baya, ba wanda ya ga yadda yaron ya kama. Iyayena, ku zauna kusa da ita ku kalli bakin yaron da idonku.

In ba a yi haka ba, mun san ƙarshen zancen. A ce nonon ba kyau, ko bai isa ba, a aika kantin magani a sayo madarar gwangwani. Kuɗinta kowane mako ba wasa ba ne ga mai neman na abinci, sai a fara tsinka ta da ruwa don ta daɗe, yaro ya rame. Nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa, in an rage shayarwa ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye, shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata cikin Suratul Baƙara. Na san zafin Jidda na sa a ji tausayin jariri a ba shi ruwa, amma kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Dakashin farko ma kada a zubar, rigakafi ne.

Wadda nonon ya riga ya tsage, ta tatso ɗan nono ta shafa a wurin, ta bar shi ya sha iska, ta daina wanke shi da sabulu. Ta fara shayarwa da ɓangaren da ya fi sauƙi. In nonon ya cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa, ta tatse kaɗan da hannu ya yi laushi tukuna. Farasitamol ba ya cutar da jariri.

Jaririn da ke samun nono yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma daga kwana na biyar yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6. In bai kai haka ba, a nemi likita. Haka in wani ɓangare na nonon ya yi ja ya kumbura, ga zazzaɓi da rawar sanyi: ta ci gaba da shayarwa, nonon ba ya cutar da yaron, amma in an yi awa 24 ba sauƙi sai an je asibiti kafin ya tara mugunya. In kuma an gyara kamun amma zafin bai tafi ba, a duba ƙarƙashin harshen yaron ko da linzami. Wannan aikin likita ne, don Allah kada a kira wanzami.

Yanzu sai tambayoyi. Wadda ke jin nauyin faɗa cikin mutane ta same ni gefe bayan an tashi, da jaririnta.